Shekarar da Dami Ya Ƙi Ɗauruwa

Ku da kuke zuwa shagona a Makarfi kuna jan kujera, kuna cewa ku dai a nuna muku maɓallin da ake dannawa, na ji ku. Na kuma san abin da kuke faɗa idan kun fita bakin titi shan rake. Wai Baba Isuhu ba ya komai, abu ɗaya yake dannawa ya jingina ya lumshe ido, kwamfuta ta yi aikin, shi ya karɓi godiyar. Lumshe idon gaskiya ne, ban musa ba. Sauran kuma bari in warware muku, tunda yau babu wuta kuma batirin sola bai cika ba.

Aikina ɗauri ne. Masu rubuta manhaja gutsi-gutsi suke rubuta ta, fayil nan fayil can, wannan na hoto, wancan na lissafin kwanaki. Waya ba za ta ɗauke su a warwatse ba, ballantana wayar manomin Paki da sai ya hau tudu yake samun sabis. Sai a tara su, a matse, a ɗaure wuri guda. Mu a shagon nan dami muke ce masa. Wajen matsewar, injin ɗauri yana guntule duk wani suna mai tsawo. Abin da marubuci ya kira ranar shuka sai ya koma harafi ɗaya, a kwashe sarari, a kwashe bayani, rubutun ya zama layi guda dogo da ba ya ƙarewa. To bayan an ɗaure, dole wani ya tambayi damin: idan ka isa wayar mutum ka farka, me za ka nema? Wane hoto, wace murya? Amsar nan ita nake tsamowa tun damin yana hannuna, don a haɗa masa guzurinsa daidai. In guzurin ya yi yawa, wayar talaka ba za ta ɗauka ba. In ya gaza, zai nemi abu a tsakiyar gona inda babu sabis ɗin da zai kawo masa.

A Zariya na koyi aikin, wajen Malama Larai, wata mutuniyar kudancin Kaduna mai shagon buga takardu. Da katin biki da takardun ɗalibai na fara, yatsa biyu nake bugawa kamar kaza na tsattsagar dawa. Da ta ga ina leƙen abin da take yi bayan an tashi, sai ta buga mini dami guda a takarda, ta miƙo mini fensir, ta ce in nemo mata inda manhajar take gaishe da baƙo. Na yini ina bin haruffa har idona ya fara ganin suna tafiya. Ba ta duka, ba ta tsawa. In na kawo amsa ba daidai ba, sai ta kurɓi shayinta ta ce in sake. Abin da ta fi nanata mini shi ne, kada in yarda da abin da marubucin manhaja ya ce manhajarsa tana yi, domin shi niyyarsa yake faɗa. Abin da damin ya aikata shi ne gaskiya.

Wani aiki na dillalan tumatir na Kudan shi ya nuna mini cewa karatu kaɗai ba ya isa. Shafi ne na farashi, kowane irin kwando da hotonsa. Muka bi damin kaf, muka tsamo sunayen hotuna, amma Malama ta ce lissafin bai yi mata ba. Ashe wasu sunayen ba a rubuce suke ba sam. Sai shafin ya farka a waya, ya ga irin tumatirin, ya ga girman kwandon, sannan ya haɗa sunan nan take ya kira shi. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ko ka kwana kana karatu ba za ka gan shi ba. A ranar Malama ta gina abin da har yau da shi nake ci, wato wayar ƙarya.

Wayar ƙarya ɗan ɗaki ne a cikin kwamfuta, ba ƙofa ba taga. A ciki mun yi fuskar waya ta ƙarya, da agogon ƙarya, da yatsan ƙarya mai dannawa. Sai mu kwantar da damin a ciki mu tashe shi. Shi a zatonsa yana aljihun wani manomi, yana jin ɗumin jikinsa. Sai in murza agogon. Rani ya wuce, bazara ta shigo, damina ta sauka, kaka ta yi, duk kafin ruwan shayi ya tafasa. Duk abin da ya buɗe baki ya nema a cikin wannan shekara da ba a yi ta ba, ni ina gefe ina tsamowa. Malama takan ce mun sa shi mafarki ne, muna sauraron sambatunsa. Idan kun ga na sa abin ji a kunne na lumshe ido, to ina cikin wata damina ce da ba ta zo ba tukuna. Wani lokaci har ƙanshin ƙasa nake ji, alhali a waje rana tana ƙona kwalta, masu mazarƙwaila suna ta hura wuta.

Aikin da nake so ku ji shi ne na wata ƙungiyar manoma a ɓangaren Ikara. Sakatariyarsu, Hajiya Rabi, ita ta zo da maganar, mace mai saurin magana da saurin yanke shawara. Yawancin mutanensu ba sa karanta boko, don haka manhajar magana take yi. Kullum da safe za ta tambayi manomi ko an yi ruwa jiya. In an yi, ya danna hoton gajimare. In ba a yi ba, ya danna hoton rana. Daga nan ita ke lissafi, ta haɗa sunan muryar da ta dace, irin shuka kaza, a mataki kaza, cikin yanayi kaza, ta kira ta. Muryar kuwa ta Malam Tanimu ce, tsohon malamin gona na Gazara, wanda babu ƙauyen da babur ɗinsa bai taka ba a zamaninsa. Ko yanzu da ya ajiye aiki, in ya ce a jira, jira ake yi.

A gindin mangwaron ƙofar gidansa muka ɗauki muryoyin. Har yau in kun saurara da kyau za ku ji kurciya a bayan maganar taki, da wani zakara marar kunya da ya shiga cikin maganar noman firi. Matsalata da Malam ɗaya ce: ba ya fara magana sai ya yi gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi dabbobi. Na ce masa gaisuwar tana ƙara wa damin nauyi, a bar ta a farko kawai. Ya dube ni kamar na ce ya shiga gidan mutane ba sallama. Haka na haƙura na matse hotuna don gaisuwa ta samu wuri. Daga baya na ga abin da idona, wani dattijo a bakin gona, waya tana gaishe shi yana amsawa har da ɗan rusunawa.

Sai ku san yadda damin ke isa hannun mutane, don a nan ƙurewar lokaci take. Ba ta sabis yake tafiya ba. Ranar kasuwa ake kai wa masu cajin waya, su kuma su tura wa duk wanda ya kawo caji, waya zuwa waya. Da ruwan farko ya sauka, shi ke nan. Mutane sun shige gona, hanyoyin ƙauyukan Paki sun zama taɓo, ba mai zuwa neman sabon dami sai kaka. Abin da ke cikin wayarka ranar ruwan farko, da shi za ka ƙare daminar.

A bazarar da nake ba ku labari, masu rubutu sun gama nasu, na ɗaure, na kwantar da damin a wayar ƙarya. Na fara ba shi shekara mai albarka, ruwa a kan kari, ya yi ta kiran muryoyi, kowacce tana amsawa. Amma Malama ta koya mini kada in bar dami da mafarki mai daɗi kaɗai. Sai na mayar da agogo baya. Na bar ruwa ya sauka, na bar manomin ƙarya ya shuka masararsa, ta tsiro, sannan na sa yatsan ƙarya ya danna rana. Washegari rana. Washegari ma rana. Damin ya yi shiru yana lissafi, can sai ya kira wani suna: masara, bayan tsiro, fari. Babu muryar da ta amsa, domin ba mu taɓa ɗaukar ta ba. Na riga na saita injina cewa in dami ya nemi abin da babu a guzurinsa, ɗauri ya tsaya. Sai fuskar kwamfuta ta yi ja.

Na kira Hajiya Rabi. Kasuwa ɗaya ta rage mana kafin ruwa, ga gabas ta fara haɗa gajimare da yamma. Ta tambaye ni wa ya ce za a yi fari. Na ce ba wanda ya ce, damin ne ya tambaya ko da za a yi. Ta ce in cire abin da ya tsayar da shi in ɗaure mata kayanta. Kuma gaskiya layi ɗaya ne, da na goge shi ja ya koma kore, ba wanda zai sani. Wannan shi ne maɓallin da kuke so in nuna muku. Na ce mata in na goge, ranar da ruwa ya ɗauke manomi zai danna rana ya kara wayar a kunne, ita kuma ta yi masa shiru. Da yake na san Malam ba zai so ambaton fari ba, na kawo shawarar a ɗauki muryar wani, ko tawa. Ta yi dariya ta ce muryata ko akuya ba za ta tsayar ba, kuma in mutane suka ji baƙuwar murya a wurin Malam za su ɗauka ya rasu ne. Ta ba ni zuwa jajibirin kasuwa.

Na hau babur zuwa Gazara da kwamfuta a goye. Na tarar da Malam a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka kawo ruwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye fartanyar.

“Isuhu, ruwa bai sauka ba tukuna, kana so ni da bakina in ce ya ɗauke?”

Na ce ba cewa zai yi ya ɗauke ba, shiri ne kawai, ko da.

“Ko da ɗin nan ita ce ba a faɗa,” in ji shi. “Mutane sun sayi iri, wasu sun sayar da akuya sun sayi taki. Kowa fatan alheri yake yi. In na faɗa kuma abin ya faru, ba za a ce Allah ya kawo ba, za a ce bakin Tanimu ne. Ni a garin nan zan mutu, ɗana, ba a cikin kwamfutarka ba.”

Ni ma a haka na tashi. A gidanmu ko ciwon da ba a yi ba ba a ambata. Sai na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in kunna masa mafarkin ya ji da kunnensa, in ya so in tafi. Na cire abin ji, na buɗe lasifika, na rage gudun agogon ƙarya don ya bi a hankali.

Iska tana ɗan kaɗa ganyen mangwaro, rana ta karkata. Muryarsa ta fito daga kwamfuta ta yi gaisuwa, ta yi maganar sharar gona. Ya yi murmushi, yana gyaɗa kai yana yarda da kansa. Ruwan ƙarya ya sauka, muryar ta ce a jira ƙasa ta sha sosai kafin a shuka. Aka shuka, masara ta tsiro, muryar ta yi barka. Muna zaune a bazara muna jin damina tana wucewa ta gabanmu, har kurciyar da ke cikin muryar da wadda ke kan reshe suka riƙa amsa wa juna. Sai yatsan ƙarya ya fara danna rana. Muryar ta ce a yi haƙuri, ruwa na tafe. Rana. Rana. Daga nan babu komai, sai hucin fankar kwamfuta. Na bar shirun ya yi tsawo yadda zai yi a gona.

Malam ya matso da kunnensa. “Ina na tafi?”

Na ce bai tafi ko'ina ba, a nan ne bai faɗi komai ba.

“Shi manomin yana riƙe da wayar?”

“Yana riƙe da ita, Malam. Jira yake.”

Ya janye kunnensa daga lasifika. Sannan ya tashi ya yi alwala, ya yi la'asar, ya dawo ya zauna ya ce in kawo abin ɗaukar magana. Bayan gaisuwa, abin da ya fara cewa shi ne, “Allah ya sa kada ku taɓa jin wannan maganar tawa.” Sannan ya faɗi abin yi dalla-dalla. Kada a zuba taki a busasshiyar ƙasa, zai ƙone shukar. A tona gindi a duba ko saiwa na da rai kafin a fid da rai. Kada a ci ragowar iri, kada a sayar. In masarar ta mutu, a jira ruwa ya dawo sosai a maye da mai saurin nuna, ko wake, ko gero. Ya yi wa dawa nata, ya yi wa waken suya nasa. Na koma Makarfi na sake ɗauri, damin ya yi mafarkinsa mai daɗi da marar daɗi, duk abin da ya kira aka amsa masa. Ranar kasuwa ya shiga wayoyi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, mai yawa, mai sanyaya rai. Kowa ya shuka. Masara ta kai tsawon tafin hannu, gonaki suka yi kore shar, sai sama ta washe. Gajimare ya taso da yamma ya watse, ya taso ya watse. Ganye ya fara naɗewa. Daga Paki har gefen Kudan mutane suka riƙa danna rana, kuma wata safiya wayoyi suka buɗe baki da addu'ar Malam. Waɗanda suka bi maganar sun riƙe takinsu da irinsu, da ruwa ya dawo suka sake shuka, suka samu na kaiwa bakin salati. Ba su yi arziki ba, amma ba su ci irin baɗi ba.

Sai dai abin da Malam ya ji tsoro shi ya faru. Ba wuya mutane suka gane cewa maganar tana cikin wayoyinsu tun kafin ɗigon farko, tunda ba wanda ya je kasuwa ya karɓo sabon abu. Magana ta tashi. Wai ya sani ya ɓoye. Wai shi ya kira abin da bakinsa. Waɗanda masararsu ta ƙone su suka fi ɗaga murya, waɗanda suka tsira kuwa ba su bi gari suna shela ba, kowa ya ja bakinsa ya ci tuwonsa. A Gazara in ya zo majalisa sai ka ga mutane suna tuna wani uzuri ɗaya bayan ɗaya. Aka daina kawo masa goron suna. Aka laƙaba masa Malam Fari, har ya zama a bayan idonsa ba a kiransa da wani sunan. Ni ma aiki ya ja baya a shagon nan, ni da Hajiya Rabi mun yi watanni gaisuwarmu daga nesa ce. Amma nawa mai sauƙi ne, ba wanda ya san fuskar mai ɗauri. Muryar da suka ji ta Malam ce. Abin ya dame ni ƙwarai, har na kasa bin hanyar Gazara, in zan wuce sai in zagaya.

Bazara ta sake zagayowa. Ƙungiyar ta ƙara manoman fadama a cikin manhajar, masu rake da shinkafa a bakin rafi, aka aiko mini in ɗaure. Na kwantar da damin, na ba shi shekara mai kyau, na ba shi ta fari, duk ya wuce lafiya. Sannan na sa yatsan ƙarya ya danna gajimare. Washegari gajimare. Washegari ma. Na lumshe ido ina jin rafin ƙarya yana cika, yana haurowa kan kunya, yana shiga cikin shinkafa. Damin ya kira: fadama, bayan dashe, ambaliya. Ba amsa. Fuskar kwamfuta ta yi ja.

Tun safe nake kallon jan nan. Na buɗe layin da ke tsayar da ɗauri, na ajiye yatsana a kansa, na ɗauke, na sake ajiyewa. Ba ni da idon da zan kalli tsohon nan in ce ya sake. Ina cikin haka da azahar sai na ji babur ya tsaya a ƙofar shago, aka yi sallama da muryar da na fi sani a duniya. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na tashi na ba shi kujerata, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, bai bar komai ba. Sai ya ce ya ga gabas ta fara haɗa hadari, ya san lokacin da abin nan nawa yake mafarki ya yi. Ya nuna jan da haɓarsa.

“Me ya gani bana?”

Na ce ruwa ne, Malam, ya yi yawa a fadama. Na ce amma ya bari, ba a gama da shi a kan na bara ba, zan san yadda zan yi.

“Sunan da suka sa mini, ko na yi shiru ba zai goge ba,” in ji shi. “Tunda ya riga ya ɓaci, a mora shi. Mai shinkafa a bakin rafi bai yi mini laifin komai ba.”

Ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jawo abin ɗaukar magana gabansa da kansa. Ni kuwa ina tsaye, na rasa inda zan sa hannuna.

“Kashe fankar shagon nan, Isuhu,” ya ce. “Ina so su ji ni sosai.”